Neman abinci a kan igiyar teku

  Yau bakin teku za mu. Sana'ar da za mu duba ita ce ta masu binciken yadda za a samo wutar lantarki daga igiyar ruwan teku, da kuma masu ba gwamnatoci da kamfanoni shawara a kan wannan harka. Na san wani zai ce, to malam, mu da ko tekun ba mu taɓa gani ba, ina ruwanmu? A yi haƙuri, za mu zo nan.

Tun da farko ga abin da nake so matasa su riƙe. Wannan fage ne da injuna suka sha nutsewa, kamfanoni suka sha karyewa, amma mutanen da suka iya aikin ba su rasa abin yi ba. Saboda haka wanda zai shiga, teku zai koya, kada ya ɗaura rayuwarsa a kan inji guda.

Mu fara da ita igiyar. Iska ce ke haifar da ita. In iska ta daɗe tana kaɗawa a kan teku, sai ta tura ruwa ya riƙa tasowa yana sauka, kuma wannan motsi yana iya tafiyar dubban kilomitoci kafin ya iso gaɓa. Kada a haɗa ta da cikowa da janyewar teku da ake gani kullum, wannan aikin wata ne da rana, kuma injunansa daban ne. Abin da ya sa masana suka ƙwallafa rai a kan igiya shi ne nauyin ruwa, domin ruwan teku ya fi iska nauyi kamar sau 800. Ɗan motsi kaɗan a cikinsa ƙarfi ne mai yawa.

Akwai lissafi mai sauƙi da duk ɗalibin wannan fanni ke fara koya. A ɗauki tsayin igiyar da mita, a ninka shi sau kansa, a ninka da daƙiƙoƙin da ke tsakanin igiya da mai bi mata, sannan a raba biyu. Abin da ya fito shi ne kimanin kilowat nawa ke wucewa ta kowace mita ɗaya ta faɗin igiyar. Misali, igiya mai tsayin mita 2 da ke zuwa duk bayan daƙiƙa 10, kilowat 20 ke nan, wato abin da zai kunna ƙwan fitila mai wat 10 har guda 2,000. To yanzu a ce guguwa ta taso, igiya ta kai mita 10 tana zuwa duk bayan daƙiƙa 15. Lissafi ya koma kilowat 750, ya ninka na farko fiye da sau 35. Kun ji inda gizo ke saƙar. Dole injin ya zama mai sauƙin motsi don ya ci moriyar igiyar yau da kullum, kuma dole ya zama mai ƙarfin da zai jure daren guguwa. In an yi shi da ƙarfi sosai sai ya yi tsada, in an rage ƙarfi sai teku ta cinye shi. Duk wanda ke wannan sana'a, tsakanin waɗannan biyu yake kai da komowa.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1799 wani Bafaranshe mai suna Girard da ɗansa suka yi rajistar dabarar amfani da igiyar teku a birnin Faris. Amma wanda ya fara fitar da abin da aka saya aka yi amfani da shi, wani tsohon hafsan sojan ruwa ne na Jafan, Yoshio Masuda. Shi bai fara da burin haskaka birni ba. Ya dubi fitilun da ke yawo a kan teku suna nuna wa jiragen ruwa hanya, ya ƙera musu wani bututu da ruwa ke hawa da sauka a cikinsa, yana tura iska kamar zugazugin maƙeri, iskar tana juya farfela, farfela tana juya ƙaramin janareta. Daga 1965 aka fara sayar da irin waɗannan fitilu. Ƙaramar buƙata ya nema, ya biya ta.

Sai shekarar 1973, lokacin da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi, ƙasashen Turai suka shiga neman mafita. A Jami'ar Edinbara ta ƙasar Sukotlan akwai wani malami, Stephen Salter, haifaffen Afirka ta Kudu. Abin lura game da shi, kafin ya shiga jami'a sai da ya yi zaman koyon aikin hannu a masana'antar ƙera jiragen sama, yana yankan ƙarfe yana haɗa kayan aiki. A 1974 ya wallafa bincikensa a mujallar kimiyya ta Nature, inda ya bayyana wani inji da ke sunkuyawa yana ɗagowa a kan ruwa, har aka yi masa laƙabi da agwagwar Salter. A tafkin gwaji, agwagwar nan tana kwashe kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin igiyar da ta same ta. Gwamnatin Birtaniya ta zuba kuɗi a shirin binciken igiya, amma a 1982 ta janye, bisa lissafin da aka kawo mata cewa wutar za ta yi tsada ainun. Salter ya daɗe yana ƙorafin cewa an yi wa injinsa lissafin da ba daidai ba. Ya rasu a 2024, babbar agwagwarsa ba ta taɓa shiga teku ba.

Shin ya yi asara ke nan? Ku saurari abin da ya fito daga ɗakin bincikensa. Don ya gwada agwagwa sai da ya ƙirƙiro sabon salon tafkin gwaji mai iya haɗa igiya iri iri, kuma daga nan aka sami kamfanin Edinburgh Designs da ke gina irin waɗannan tafkuna ga jami'o'in duniya. Don ya mayar da motsin agwagwa wuta, shi da abokin aikinsa Win Rampen suka ƙera wani sabon famfon mai da kwamfuta ke sarrafawa, aka kafa kamfanin Artemis a kansa, wanda Mitsubishi na Jafan ya saya a 2010. Injin da aka sa a gaba bai kai gaci ba, amma ilmin da aka tara a hanya ya ciyar da mutane da yawa.

Ita kuwa teku ba ta daina nuna ruwa ba sa'an kwando ba ne. A ƙasar Norwe an gina tashar gwaji a jikin dutsen gaɓa kusa da birnin Bagen a 1985, guguwa ta tuge ta a 1988. A Sukotlan wani babban inji mai suna Osprey ya farfashe a 1995 tun ana kan aikin girka shi.

Labarin da ya fi shahara shi ne na Pelamis, wani inji mai kama da maciji, dogayen gangunan ƙarfe da aka haɗa da gaɓoɓi, tsawonsa ya haura mita 100. In igiya ta lanƙwasa gaɓoɓin sai su matsa famfon mai, man ya juya janareta. Richard Yemm, wanda ya yi karatun digirinsa na uku a Edinbara, shi ya kafa kamfanin a 1998. A 2004, a cibiyar gwaji ta EMEC da ke tsibiran Okni, macijin nan ya zama inji na farko da ya tura wutar igiya daga cikin teku zuwa babban layin wuta na ƙasa. A 2008 aka girka guda 3 a gaɓar arewacin Fotugal, kowanne mai kilowat 750. Bayan 'yan watanni aka janyo su gaɓa don gyara, sai rikicin tattalin arzikin duniya ya rutsa da kamfanin da ke da babban jari a aikin, ba su koma ba. A watan Nuwamba na 2014 kuɗi suka ƙare, kamfanin Pelamis ya durƙushe. Shekara ɗaya bayan haka wani babban kamfanin, Aquamarine Power, ya bi sahu.

To ina ma'aikatan suka nufa? Nan ne maganarmu ta sana'a take. Gwamnatin Sukotlan ta kafa wata hukuma mai suna Wave Energy Scotland, ta sayi takardu da bayanan Pelamis don kada ilmin ya salwanta, ta kuma canja salon ba da kuɗi: ana ba da shi mataki mataki, wanda ya ci gwaji ya wuce gaba, wanda ya gaza a sallame shi tun ba a kashe da yawa ba. Wasu daga cikin injiniyoyin Pelamis, har da shi Yemm, suka kafa kamfanin ba da shawara mai suna Quoceant. Wasu suka koma harkar injunan iska da ake kafawa a cikin teku. Mutumin da ya shafe shekaru yana ɗaure inji a teku mai fushi, ya san wace sarƙa ke tsinkewa, ya san wane walda ke tsagewa, ba a barinsa ya zauna a gida.

Kuma ba duka ne suka nutse ba. A garin Mutriku na yankin Bask a arewacin Sifaniya, da aka tashi gina katangar da ke kare tashar jiragen ruwa daga igiya, sai aka saka ɗakuna 16 a cikin katangar, kowanne da farfelarsa, irin dabarar nan ta Masuda. An buɗe tashar a 2011, ƙarfinta kilowat 296 ne kacal, amma ta yi shekara da shekaru tana ba da wuta. Sirrinta shi ne dama katangar za a gina ta ko da wuta ko babu, don haka an raba tsadar, kuma mai gyara da ƙafa yake zuwa, ba sai ya ɗauki hayar jirgi ba.

Yanzu mu dubi aikin kansa. Mai bincike, da me yake wuni?

Da farko aunawa. Ana jefa na'ura mai yawo a kan ruwa ta yi shekara ko fiye tana rubuta tsayin igiya da lokacinta da inda ta fito, a haɗa da bayanan tauraron ɗan'adam na shekaru masu yawa. Daga nan sai lissafi a kwamfuta. Sai a ƙera ɗan ƙaramin samfurin injin, wataƙila kashi ɗaya cikin 50 na girmansa, a kai shi tafkin gwaji. A Edinbara akwai wani tafki mai zagaye, FloWave, faɗinsa mita 25, zurfinsa mita 2, wanda ke iya kwaikwayon igiya daga kowace kusurwa. 'Yan'uwanmu da suka yi karatu da Faransanci, akwai makarantar injiniyoyi ta Centrale a birnin Nant, tana da manyan tafkuna, ita ce kuma ta kafa wani filin gwaji a cikin teku. In samfurin ya ci wannan jarrabawa sai a yi wanda ya fi shi girma a kai ruwa mai sauƙi, sannan a ƙarshe babban a kai teku sosai. Daga tunani zuwa wannan mataki ana iya cin shekara 10 ko fiye. Mai gajen haƙuri ba zai ji daɗin wannan aiki ba.

Kuma ba masu lissafi kaɗai ake nema ba. Ana neman masanin ƙarfe, domin gishiri na cin ƙarfe, tsatsa ba ta hutu. Ana neman wanda ya san anga da sarƙa da igiyoyin ɗauri. Ana neman injiniyan lantarki da zai daidaita wutar da ke zuwa a guje ta tsaya, ta sake zuwa, har ta dace da layin ƙasa. Ana neman masanin halittun ruwa, saboda ƙananan halittu na manne wa inji su ƙara masa nauyi, kuma dole a tabbatar ba a cutar da kifi ba. Ga masu walda, ga masu nutso, ga matuƙan jirgi.

Sai mai ba da shawara. Shi ba ya ƙera inji. Aikinsa shi ne a kawo masa takardu a ce duba mana, ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Banki na son ba da rance, sai ya tambaye shi: wutar da kamfanin nan ya ce zai samar, za ta samu? Gwamnati na son sa hannu a yarjejeniyar sayen wuta ta shekara 20, sai ta tambaye shi: farashin nan ya dace? Kamfanin inshora na son sanin ko injin zai kai labari a guguwar da ke zuwa sau ɗaya a shekara 100. Akwai ƙa'idojin duniya da yake aiki da su, waɗanda hukumar IEC ta fara tsarawa bayan ta kafa kwamiti na musamman kan makamashin teku a 2007, akwai kuma kamfanonin tantancewa irin su DNV da Lloyd's Register da Bureau Veritas.

Tambayoyin da ƙwararre ke yi ba su da wuyar fahimta. Wata nawa injin ya yi a teku, ba a tafki ba? Ya taɓa haɗuwa da lokacin guguwa? Wutar da ya bayar, wa ya auna, mai injin ko wani na dabam? In ya lalace, nawa ne hayar jirgin da zai janyo shi, kuma kwana nawa a shekara teku ke lafawa har a iya zuwa wurinsa? Sannan akwai bambanci tsakanin ƙarfin da aka rubuta a jikin inji da abin da yake bayarwa a tsawon shekara. Inji mai kilowat 1,000 a takarda, in aka bi shekara aka raba, abin da zai bayar ba zai kai nan kusa ba. Da yawa daga cikin ruɗin da ake yi wa shugabanni a nan yake ɓoye.

Wannan aiki amana ce, kuma tana da kaifi biyu. Mun ji yadda lissafin tsada ya sa aka rufe shirin ƙasa guda a Birtaniya, mutane suka watse. Haka nan lissafin da aka yi wa kwaskwarima don a faranta wa mai biya rai yana iya jefa talakawa cikin bashin injin da zai ƙare a ƙarƙashin ruwa. Wanda ya ɗauke ka aiki sau da yawa amsar i yake so ya ji. Ranar da ka sayar masa da ita alhali ka san a'a ce, ka sayar da jarinka gaba ɗaya, domin mai ba da shawara ba shi da wata haja sai yardar da aka yi wa sa hannunsa.

To mu dawo kan tambayar farko, ina ruwanmu? Gaskiyar magana, igiya mafi ƙarfi tana yankunan da ke nesa da tsakiyar duniya: yammacin Sukotlan da Ailan, Fotugal, kudancin Ostireliya, Cile, Afirka ta Kudu. Igiyar da ke isowa gaɓar Legas da Kwatano da Lome da Ankara ba ta kai waɗancan ƙarfi ba, ko da yake tana zuwa a kai a kai daga kudancin tekun Atlantika, kuma ba ta cika hauka irin na arewa ba. Ga mu kuma da rana mai yawa, farantan sola sun yi arha. Duk wanda ya ce muku igiyar teku ce za ta kawo ƙarshen ɗauke wuta a Kano ko Yamai nan kusa, ku yi masa tambayoyin nan da muka lissafa.

Amma masu tallar injin sun riga sun iso. A ƙasar Gana, wani kamfanin gida mai suna TC's Energy tare da kamfanin Seabased na Suwidin sun girka 'yan injunan gwaji a tekun Ada, kusa da inda kogin Bolta ke shiga teku, kuma a 2018 aka sanar da yarjejeniyar megawat 100. Duk lokacin da irin wannan takarda ta zo teburin minista a yankinmu, wa zai karanta masa ita? In ba mu da namu da suka san abin, sai dai mu ɗauko baƙo ya duba mana aikin baƙo.

Sannan ilmin igiya bai tsaya ga wuta ba. Teku na cin ƙasa a Keta ta Gana, ta cinye tsohuwar gaɓar Bar Beach ta Legas kafin a gina mata katanga, tana barazana ga unguwanni a Kwatano da Lome. An gina sababbin tashoshin jiragen ruwa masu zurfi a Lekki da Kiribi, kowace tana buƙatar wanda zai auna igiya kafin a aza dutse ɗaya. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Njamena da kayansa ke sauka a waɗannan gaɓoɓi, ko bai taɓa ganin teku ba, lafiyar tashar lafiyar kasuwancinsa ce.

Saboda haka ga shawara ga matashin da abin ya ba shi sha'awa. Ka riƙe lissafi da kimiyyar fizis tun daga sakandare. A jami'a ka ɗauki fanni mai faɗi, injiniyan injuna ko na lantarki ko na gine gine ko na jiragen ruwa, ƙwarewa a kan igiya ta biyo baya a digiri na biyu. Ka koyi rubuta manhajar kwamfuta, domin akwai bayanan teku na tauraron ɗan'adam da ake samu kyauta a intanet, kana Zinder ko Zariya za ka iya fara nazarinsu. Ka koyi aikin hannu, kada ka raina maƙera da masu walda, mun ji inda Salter ya faro. Akwai Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya a Legas, akwai Jami'ar Harkokin Teku ta Yanki a Ankara, wadda ƙasashe da dama suka haɗu a kanta har da Gana da Kamaru. 'Yan mata ma, wannan kira har da ku, don lissafi bai san namiji ko mace ba. Kuma kada ka yi gaggawar kiran kanka mai ba da shawara. Ana zuwa wannan matsayi ne bayan an ga inji ya lalace, an kwance shi, an gano dalili.

Iyaye kuma, in yaro ya zo muku da wannan magana, kada ku ce ya zautu, kada kuma ku ɗauka ya samo hanyar kuɗin dare ɗaya. Ku tambaye shi, in kamfanin da ka shiga ya karye, me ka iya da wani zai saya? In yana da amsa, ku sa masa albarka.

Nan za mu dakata a yau. Masu tambaya su aiko ta hanyoyin da aka saba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.